Kujerar da Ta Ƙi Shiga Lungu

"Wallahi ko kwano ɗaya ba zai shiga ɗakina ba!"

Tajudeen ne ya faɗi haka a tsakar gidan su Azara da ke unguwar Nima, ga bikinsu ya matso. Yana riƙe da wata mujallar Turawa da ya samo a kantin da yake aiki. A ciki an zagaya gidan wata tauraruwar fim ɗaki-ɗaki: farin bango fayau, doguwar kujera, teburin gilashi. Tun da ya gan ta kansa ya juye, har tafiyarsa ta canza.

Amama, mahaifiyar Azara, ta ɗago daga kwanonin jeren da take gogewa. Tun Azara na goye take tara su da gumin sayar da koko.

"Me ka ce, yaro?"

"Mma, wannan kolo ne, tsohon yayi! Duba nan, modan laif ke nan."

"To ka auri takardar! 'Yata ba za ta fita gidan nan babu jere ba, kuraa, ko kusa!"

Azara ta fashe da kuka. Tana son Tajudeen har cikin ranta, amma ina za ta kai hawayen uwarta? Ta bi shi zaure.

"Taju, don Allah..."

"Azara, zaɓi ɗaya: ni ko kwano!"

Ba ta zaɓa ba. Ta haɗiye baƙin cikinta, ta roƙi uwarta a bar kwanonin a ƙulle cikin buhu, a ga abin da Allah zai yi. Da ƙyar Amama ta yarda, tana huci.

Ranar biki sai ga 'yan kaya da kujerar da gogan naka ya sa kafinta ya ƙera, irin ta hoton sak. Lungun Nima kuwa ko mutum biyu sai sun karkace. Kujera ta cije tsakanin bango da bango, ba gaba ba baya, ƙafarta ɗaya a kwata. Dattawa suka yi cirko-cirko a rana, 'yan kai amarya sun maƙale a bayanta.

Can cikin gidan ango kuma tuwo ya nuna, shinkafa da wake tukunya-tukunya, kowane gida a unguwa na jiran rabonsa. Abin zubawa fa? 'Yan farantan tangaran na ango, ko mutanen zaure ba za su isa ba. Baban Tajudeen ya dube shi, ransa a ɓace.

"Yau ka kunyata ni a Zongo."

Gumi ya karyo wa ango. Azara ta ɗaga mayafi ta raɗa wa ƙawarta Lamisi magana. Nan da nan kwanonin Amama suka riƙa tsallake kujera hannu da hannu, aka cika su, yara suka bazu da su har unguwar Maamobi. Ba gidan da bai ci ba.

Da yamma Tajudeen ya durƙusa gaban Amama.

"Mma, na yi kuskure paa, babban kuskure. A yi jeren."

Azara ta buɗe masa mujallar.

"Taju, duba da kyau. Duk girman gidan nan, ka ga baƙo ko ɗaya?"

Ya duba shafi-shafi. Tauraruwar ce kaɗai a kan kujerarta.

Haƙurin Azara ya riƙe mata miji da uwa gaba ɗaya. Ku samari, kafin ku kwaikwayi ɗakin wani, ku tuna su wa za su shigo naku.