Rabin Kuɗi Kafin a Ɗora Zarto

Tun da Abba ya shigo da kujerar nan gidan, babu wanda ya sake samun sakat. Kujera ce ta 'yan makaranta, mai haɗe da tebur, amma in ka ga yadda ya girke ta a tsakiyar falo yana zagaya ta, sai ka rantse jika aka haifa masa.

"Auta! Zo ki zauna ki ji ƙwari!" ya ƙwala kira. "Dubi haɗin ƙafar nan, ko ƙusa ɗaya babu. Wanda ya yi wannan ya san katako!"

Umma ta leƙo daga kicin ta ce, "Yau kwana uku ke nan muna jin wa'azin kujera. Ko ita za ka sa a gaba ka ci?"

Abba kafinta ne. Shekara talatin da huɗu yana riƙe da zarto, sai bara da ciwon baya ya matsa masa ya sayar da shagon da injinansa. Kuɗin suna banki, kuma su ne guminsa kaf. Ita kuwa Auta, 'yarsa ta ƙarshe, akanta ce a wani kamfanin sayar da magunguna. Saura wata uku aurenta da wani malamin sakandare da kowa ke kira Ticha, mutum mai sanyin hali wanda ko alli ba ya karyawa da ƙarfi. Kujerar daga masana'antar yayan Ticha ta fito, wanda ake ce wa Darakta, kuma shi ne ya yi wa Abba tayin ya zuba kuɗinsa a kamfanin.

Abba ya miƙa wa Auta takardu ya ce, "Ga fom, cike mini, rubutunki ya fi nawa. Ribar miliyan arba'in suka ci bara. Ga sana'ata, ga surukaina, me ya rage?"

Auta ta juya takardun. Hotunan injina ne masu sheƙi, sai shafi ɗaya na riba da aka ja wa layi da jan biro.

"Abba, ina sauran? Daga shafi na tara an tsallaka zuwa na goma sha huɗu."

"Ke dai cike fom."

"Zan cike, Abba. Ka ba ni kwana biyu."

Da yamma ta kira Ticha ta ce ya samo mata cikakken rahoton kamfanin. Ya yi dariya ya ce, "Ranki ya daɗe, har Yaya ma sai an yi masa jarrabawa?" Washegari ya kai mata ofis da hannunsa, yana murna, bai san abin da ya ɗauko ba.

Lokacin hutun rana ta buɗe shafi na goma sha ɗaya, shafin da ke nuna tsabar kuɗin da suka shiga kamfani da waɗanda suka fita. Ta karanta, ta danna kalkuleta, ta sake karantawa, shayinta ya huce a gefe. Ta so ƙwarai a ce ita ce ta yi kuskure, amma lissafin ya ƙi canzawa.

Da ta koma gida ta sami Abba a kan kujerar tasa, ta durƙusa a gefensa.

"Abba, kada ka sa kuɗin nan."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Kujerar ce ba ta yi ba?"

"Kujera ta yi. Kuɗin ne babu. Ka ga wannan shafin, mu a ofis kash-fulo muke ce masa, kashi uku ne. Na farko kuɗin ainihin sana'a ne, abin da kastoma suka biya a hannu, a cire na katako da albashi. A nan, shekara uku a jere, abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Bara giɓin miliyan ashirin da biyar ne."

"To ribar miliyan arba'in fa? Aljanu ne suka rubuta?"

"A takarda take, Abba. Sun kai wa makarantu kujeru, sun rubuta an sayar, amma ba a biya su ba. Kashi na biyu sayen injina ne, shi ma fita ce. Na ukun shi ne rance da kuɗin masu zuba jari, kuma ta nan kaɗai kuɗi ke shigowa. Ribar da ake raba wa mutane daga nan take fita. Kuɗinka ne za a raba wa waɗanda suka riga ka shiga."

Fuskar Abba ta haɗe. "Yau ni za ki koya wa harkar katako? Na je masana'antar da ƙafata, na shinshina katakon, na hau kujera na yi tsalle! Gani ya kori ji!"

Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "Abba, ka tuna shekarar gadajen otal?"

Umma ta daina motsa cokali a kicin. Shekarar ce Abba ya ƙera wa wani otal gado hamsin, ya rubuta riba a littafinsa, ya yi ta washe baki, aka shekara ba a biya shi ko sisi ba. Keken ɗinkin Umma aka sayar aka biya kuɗin makarantar yara.

"Gadajen nan ma suna da ƙwari, Abba," in ji ta a hankali. "Tun daga ranar ka kafa doka a shago: rabin kuɗi kafin ka ɗora zarto."

Abba ya ninke fom ɗin ya tura ƙarƙashin rediyo, ya shige ɗaki.

Ranar Asabar Darakta ya zo karɓar fom, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa, Ticha na biye da shi. Abba ya yi gyaran murya ya ce a ɗan ba shi lokaci, akwai shafin da yarinya ta gani. Nan take murmushin Darakta ya ɗauke.

"Wane shafi kuma?"

Auta ta gaishe shi da ladabi ta ce, "Yaya, tambaya ɗaya ce. Ribar da aka raba bara, daga ina kuɗinta suka fito?"

"Iye! Lallai!" Ya miƙe tsaye. "Baba, a gabanka 'yarka ke kirana ɓarawo? Ni da na zo da alheri saboda zumunci?"

"Wallahi ban ce haka ba, Yaya —"

"Tun ba ki shigo gidanmu ba kin fara bincikar aljihunmu! To, gidan ɓarayi bai dace da ke ba." Ya juya ga ƙaninsa. "Kai kuma, kai ka ɗauki takarduna ka kai mata ko? Tashi mu tafi!"

Ticha ya dubi Auta, ya dubi yayansa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya biya masa karatu har ya gama. Ya tashi ya bi bayansa.

Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Kafin mako ya zagayo, mahaifiyar su Ticha ta aiko cewa a dakata da maganar aure tukuna. Gwaggo, ƙanwar Abba, ta zo takanas ta zauna a kan kujerar da ta jawo rigimar tana tafa hannu.

"Boko ya yi miki rana! Mace ta ga miji har gida, ta kore shi da kalkuleta! Ki je ki ba su haƙuri, ubanki ya sa hannu, a wuce wurin."

Auta ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Tana son Ticha, so irin wanda ba ta iya ɓoyewa, kuma kwana goma sha biyu wayarta ba ta nuna sunansa ba. Umma ta same ta tana share hawaye, ta dafa kafaɗarta.

"In kin ce a sa hannu, Abbanki zai sa, don ke. Jiya ya faɗa mini."

Auta ta girgiza kai. "Umma, ba zan sayi aure da gumin Abba ba. In rabona ne, zai dawo."

Umma ta kalle ta ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Da ta fito kuwa, har tafiyarta ta canza, ta wuce Gwaggo kai a sama.

A rana ta goma sha uku, Auta na fitowa daga ofis ta gan shi tsaye a bakin get, ya rame, rahoton nan a hannunsa duk ya sha jan biro.

"Sori," ya ce. "Na kasa magana ranar nan, kunya ta hana ni kira. Na yi ta karanta shafin, ni malamin tarihi ne, lambobin sun fi ƙarfina. Ki koya mini."

"Don ka kare Yaya?"

"Don in san gaskiya. Ajiyata ta shekara huɗu tana ciki, Auta. Kuɗin da zan kama mana gida."

Suka zauna a kan bencin masu jiran mota, ta bi da shi layi-layi da bakin biro, ta nuna masa cewa duk lambar da aka rubuta a cikin baka biyu giɓi ne, kuɗi ne da suka fita. Da suka kai ƙarshe ya goge gumi.

"Ke nan ribar da aka ba ni bara —"

"Rancen banki ce."

Ya miƙe ya ce, "Yaya ubana ne, ba zan daina girmama shi ba. Amma yau zan faɗa masa, a gaban Mama, ke kika yi gaskiya, kuma ba ni da mata sai ke."

Ya kuwa faɗa. Darakta ya daina amsa gaisuwarsa, Ticha bai fasa zuwa gaishe shi kowace safiya ba. Ranar da aka tsayar ta aure ta zo ta wuce. Auta ta ci gaba da zuwa aiki, tana jin ana nuna ta da baki a layi, ba ta tanka wa kowa ba.

Wata biyar bayan haka banki ya ƙi sabunta rancen. Albashin ma'aikata ya maƙale, masu katako suka daina kawo kaya, masu jari suka yi cincirindo a bakin masana'anta. Wata safiya aka yi sallama a gidan Abba, sai ga Darakta, ba turare, ba mota, Ticha da mahaifiyarsu na bayansa. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa.

"Baba, na zo neman gafara. Wallahi ban yi niyyar cutar kowa ba. Ni ma shafin riba kawai nake dubawa, sauran na ɗauka surutun akantoci ne, shi ya sa ban ma haɗo da su ba." Ya juya ga Auta, idonsa ya yi ja. "Ƙanwata, mutum sittin ke ci a ƙarƙashina. Akwai mafita?"

Gwaggo, wadda labari ya riga ya kawo ta, ta gyara zama tana jiran a rama. Auta kuwa ta ɗauko biro.

"Akwai, Yaya. Kayanka masu kyau ne, kuma kuɗinka na hannun mutane. A dakatar da rabon riba, a gaya wa masu jari gaskiya. A sayar da injin da ba ya aiki. A bi makarantun nan ɗaya bayan ɗaya, ko kaɗan-kaɗan su riƙa biya. Sannan daga yau akwai doka ɗaya, amma ba tawa ba ce." Ta dubi mahaifinta. "Abba, faɗa masa."

Abba ya gyara tabarau, ƙirjinsa ya cika fal, ya ɗaga yatsa. "Rabin kuɗi kafin a ɗora zarto!"

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji mahaifiyar su Ticha, tana kamo hannun Auta. "'Yata, ki yafe mana."

"Ai ni tun farko na ce yarinyar nan kanta na ja!" Gwaggo ta cafe. Umma ta yi mata wani kallo, kowa ya fashe da dariya.

Ba a rana ɗaya masana'antar ta miƙe ba. Sai da aka rage ma'aikata goma, ajiyar Ticha ma rabi ya dawo, don haka ɗaki biyu suka kama maimakon gidan da suka yi buri. An yi auren ba hayaniya, amarya da ango kuwa bakinsu har kunne. Bayan shekara guda Darakta ya kawo sabon rahoto, cikakke, ya buɗe shafi na goma sha ɗaya da kansa. Layin farko ya fita daga cikin baka, kuɗin da ke shiga sun fi masu fita. A ranar Abba ya zuba kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa, sauran ya ce su ci gaba da barci.

Jama'a, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kafin ka miƙa guminka ga kowane kamfani, ko na ɗan'uwanka ne, kada riba a takarda ta ruɗe ka, tambayi inda tsabar kuɗin ke shigowa da inda suke zuwa. Gaskiya ɗaci gare ta, amma wanda ya riƙe ta da ladabi da haƙuri ba ya taɓewa, kuma son da ya tsaya a kanta shi ne mai ƙarko.

Kujerar tana nan a falo har yau. Duk baƙon da ya yaba ƙwarinta, sai Abba ya ɗaga hannu ya ce, "Bar kujera, malam, katako ne. Ka san 'yata Auta kuwa? Zauna in ba ka labari."