Sunan Da Ramata Ta Ƙi Sharewa

Ranar da maganar ta fashe, Ramata tana zaune a tsakar gidansu da ke unguwar Dagmanet a Agadez, ordinatiri, wato kwamfuta, bisa gwiwa, tana fama da aikin da aka ba su a iniversite. Shekararta ta uku ke nan tana karatun informatik, ilimin kwamfuta, a jami'ar. Saura wata biyu kuma a ɗaura mata aure da Baha'uddeen, mai gyaran injin ban-ruwa na masu lambun albasa. Katanga ɗaya ta raba gidajensu tun suna ƙanana.

Aka yi sallama. Gwaggo Hafsa ce, yayar mahaifin Baha'uddeen, tsohuwar da ko a wasa ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Ko kallon ruwan da Ramata ta kawo ba ta yi ba, ta ce a kira mata Malam Hamidu, mahaifin Ramata.

— Malam, wata magana ce ta hana ni sukuni, in ji tsohuwar. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da Hajara, matar ƙanena, aka kai ta likita. Aka bar ni da jinjiri yana tsala kuka, ya ƙi ruwa, ya ƙi kunu. Na ɗauko shi na shigo gidan nan. Marigayiya Souwaiba tana zaune da nata jinjirin a cinya, ta karɓe shi ta sa mashi nono har ya yi barci. Ban faɗa ma kowa ba, ni kaina na manta, sai da na ga ana ɗinkin biki abin ya faɗo mani.

Malam Hamidu ya ajiye carbinsa.

— Wanne daga cikin yaran? Ilyas babba ko ƙanensa Baha'uddeen?

— Nan gizo ke saƙar, Malam. Zuciyata ta fi ba ni Baha'u, amma ba ni iya rantsewa.

Ramata ta dubi mahaifinta. Souwaiba mahaifiyarta ce, shekara goma ke nan da rasuwarta, babu mai tashe ta a tambaye ta. Malam ya dubi ɗiyarsa da tausayi, ya faɗa mata hukuncin ba tare da kewaye-kewaye ba: idan Ilyas ne ya sha, shi kaɗai ya zama ɗan'uwanta, ƙanensa bai haramta gare ta ba. Idan kuwa Baha'uddeen ne, to shi yayanta ne na nono, babu aure tsakaninsu har abada.

— In kuma ba a gane ba, Baba?

— Abin da ke da shakka, ɗiyata, barinsa ya fi.

Daga ranar gidajen biyu suka koma kamar gidan makoki. Aka tambayi Inna Hajara, ta ce ita fa zazzaɓi ya kai ta likita a goyon Ilyas, ya kai ta a goyon Baha'u, wanne za ta ce? Dangi suka rabu gida biyu. Wasu na cewa tsufa ne ya rikita Gwaggo, wasu na cewa a ji tsoron Allah a fasa. Har da masu cewa ai da ma ƴar boko ba ta dace da gidan ba. Aka yi zama uku, kowane ya ƙare da hayaniya. Daga ƙarshe manya suka yanke: a jira ƙarshen wata, in babu haske, kowa ya haƙura.

Ramata ta rame. Kullum da safe ta hau kabu-kabu zuwa makaranta, ta zauna cikin aji kamar an ajiye buhu, da yamma ta dawo ta hura wuta ta dafa tuwon da ba za ta iya ci ba. Kukan ma ya gajiyar da ita. Wata rana malaminsu, Mushe Seydou, ya tsaya a kanta yana duban aikinta.

— Ramata, mi ke damunki? Kin tara komai wuri ɗaya kamar kayan gwanjo! Base de données, rumbun ajiyar bayanai, ba haka take ba. Kowane iri da nasa tablo, wato jadawalinsa, kowane abu da lambarsa da ba ya tarayya da kowa a cikinta. In kin gama rabawa sai ki ɗaure su da lambobin, sannan ki yi tambaya. Allez, sake!

Ta ce to. Amma a hanyar gida maganar ta ƙi barin kunnenta. Ashe abin da danginsu ke yi ke nan: kowa ya zubo abin da ya tuna wuri ɗaya, ana ta cakuɗawa, babu wanda ya jera lokaci kusa da lokaci.

Ta buɗe adakar mahaifinta ta ɗauko takardun haihuwa. Baha'uddeen ya kawo nasa da na yayansa. Ta yi tablo na mutane, kowa da lambarsa da ranar haihuwarsa. Ta yi na goyo: wace mata, wane jinjiri, daga yaushe zuwa yaushe. Ta yi na uku, na inda kowa yake zaune a kowane lokaci, duk ta sa masu Agadez, don ba ta san wani ya taɓa barin garin ba. Kwana huɗu tana gyarawa, injin yana ƙin karɓa, tana sake rubutawa. Sannan ta rubuta tambayarta: wane yaro ne bai kai shekara biyu ba, yana cikin gari, a lokacin da Souwaiba ke da jinjiri a nono?

Suna ɗaya ya fito: Ilyas. Shi ne tsaran yayarta Salamatou. An yaye Salamatou kafin a haifi Baha'uddeen, ita kuwa Ramata sai da ya shekara huɗu aka haife ta.

— Baba! Baba! Zo ka gani!

Malam Hamidu ya zo ya sa gilashinsa, ta karanta mashi komai. Maimakon ya yi murna, sai ya zauna bisa tabarma ya dube ta.

— Ƴaƴan Souwaiba nawa kika sa?

— Mu biyu mana. Ni da Yaya Salamatou.

— Ku uku ne. Akwai namiji tsakaninku, Yakubu. Bai cika wata uku a duniya ba. Ba a yi mashi takarda ba, kuma uwarku ba ta iya jin sunansa ba ta yi kuka ba, shi ya sa muka bar zancen. Bayan Baha'uddeen da wata bakwai aka haife shi, ban manta ba, don a tumakin layyar shekarar na zaɓi ragon sunansa.

Ta ƙara layi ɗaya, ta ba Yakubu lambarsa. Ta sake tambayar. Sunaye biyu suka fito: Ilyas, Baha'uddeen.

Da la'asar Baha'uddeen ya zo zaure, rigarsa duk baƙin mai, daga Tabelot yake, garin masu lambu mai nisa da Agadez. Shi ma ya faɗa, idanunsa sun zurma. Ta juya mashi fuskar injin ta yi mashi bayani. Ya daɗe yana kallo.

— Ramata, wa ya san da layin nan?

— Ni da Baba.

— Malam ba mai yawan magana ba ne. Jinjirin da ko takarda ba shi da ita… ki cire shi kawai. Danna ɗaya ne fa!

— Baha'u!

— Na gaji, wallahi na gaji! Shekara biyar ina jiranki. Na gina ɗaki, na yi mashi siminti, yanzu a ce tsohuwar da ba ta tuna abin da ta ci jiya ba ita za ta raba mu? Ni zuciyata ta ba ni Ilyas ne.

— Ni ma ita ta ba ni. Amma in zuciyar ƙarya take yi fa? Mu zauna shekara talatin, mu haifi ƴaƴa, kullum in kalle ka in ce ko yayana ne? Kuma Yakubu ba ƙanen uwata ba ne, ba maƙwabci ba ne, ɗan'uwana ne ciki ɗaya. Yau na san da shi, yau kuma in share shi don ya tare mani hanya?

— Ashe ordinatirinki ya fi ni a wurinki.

— Ba shi ba ne. Wanda ke kallona in na danna, shi nake tsoro.

Ya miƙe ya fita ko sallama babu. Kwana shida bai zo ba, bai kira wayarta ta portabul ba. Ramata ba ta bi shi ba. Sau biyu tana buɗe tablon ta sa yatsa a kan layin, ta rufe injin ta tashi ta yi alwala. Ba wai ƙarfin hali ne ya yi mata yawa ba, a'a, ita ma mutum ce. Roƙonta ɗaya ne a kowace sujada: in alheri ne Allah ya tabbatar, in ba shi ba ne ya cire mata shi daga rai, ya ba ta barci.

Ranar ƙarshen wata aka taru a gidan su Baha'uddeen bayan azahar. Maza a rumfa, mata a bakin ɗaki. Malam Hamidu ya ce a ba ɗiyarsa dama ta nuna abin da ta haɗa. Wata daga cikin dangi ta taɓe baki.

— Oh ni! Yau kuma telebijin ce za ta yi mana fatawa?

Ramata ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta fara. Ta karanta ranar haihuwar kowa. Da ta zo kan ƴaƴan mahaifiyarta, Baha'uddeen ya ɗago daga inda yake rakuɓe ya dube ta. Ba ta dube shi ba.

— Salamatou. Yakubu. Ramata. Saboda Yakubu, amsar ba ta fita ba. Zai yiwu Ilyas ne, zai yiwu Baha'uddeen ne. Iyakar abin da na iya ke nan. Duk abin da kuka yanke na bi.

Gwaggo Hafsa ce ta fara magana.

— Kin sa Yakubu? Ni na yi ma yaron nan wanka, ni na naɗe shi a likkafani. Tun ɗazu nake jira in ji ko za ki tsallake shi. Da kin tsallake, wallahi da ko Alƙur'ani kika dafa ban ƙara yarda da ke ba.

Sai aka ji shessheƙa. Inna Hajara ce, ta rufe fuska da mayafi.

— Allah sarki Souwaiba! Yaron nan ko fuskarsa ban gani ba. Ga ni aminiyarta, ban je suna ba, ban je gaisuwa a kan kari ba. Har ta rasu ina jin kunyar abin.

Malam Hamidu ya gyara zama.

— Hajara, ina kike a lokacin?

— Ina Tabelot mana! Baha'u na wata biyar aka aiko babana ya kwanta ciwo, na tafi jinya da shi a baya. Can na ji haihuwar, can na ji rasuwar. Ban dawo ba sai da aka cire albasa sau biyu, na tarar da Souwaiba hannu sake, ko ɗigon nono ba ta da shi. Ni da na ji ana ta maganar goyo, Salamatou da Ramata kawai nake lissafawa, ban taɓa kawo Yakubu a raina ba.

Ramata ta ja ordinatirin. Ta gyara tablon zama: Baha'uddeen, Tabelot, daga wata biyar zuwa bayan shekara. Ta sake tambayar, ta kasa kallo, ta juya ma mahaifinta.

— Ilyas, in ji Malam Hamidu. Shi kaɗai. Ba ma sai injin ya faɗa ba, jama'a, duk mai kunne ya ji. Yaro yana Tabelot, nono yana Agadez.

— Salamatou ce a cinyarta! in ji Gwaggo Hafsa, ta dafa ƙirji. Yanzu na gan ta, da ɗan kunnenta na zare. Astagfirullah, na wahalar da ku, ƴaƴana.

Guɗa ta tashi. Ilyas ya kwashe da dariya.

— To madalla, na yi ƙanwa! Kai Baha'u, daga yau ni surukinka ne. Ka iya gaisuwa, in ba haka ba in hana ka!

Ramata ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Gajiyar wata guda ce ta sauko mata gaba ɗaya, ta jingina da bango ta lumshe ido. Da mutane suka fara watsewa Baha'uddeen ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, ya kasa haɗa ido da ita.

— Da kin bi tawa, da yau mun rasa komai. Ki yafe mani.

— Na yafe. Amma ka sani, ina da sutnans, jarrabawar kare aikin gama karatuna, bayan biki, kuma ba ni fasawa.

— Ni zan kai ki, in jira ki a ƙofa.

Aka ɗaura aure ranar da aka sa tun farko, babu mai ɗauke da shakka a ransa.

To ƴaƴana, ku da ke karatu ku da ke soyayya, ku riƙe wannan. Sau da yawa gaskiyar da kake ganin ita za ta rufe maka ƙofa, ita ce Allah ya rataya ma mabuɗin. Wanda ya yi haƙuri ya bar abu don tsoron Allah bai taɓa yin asara ba. In rabonsa ne, zai dawo mashi da tsarkinsa, ya ci ba tare da waiwaye ba.