Akwatin Girgizar Jirgi

Ƙarfe biyu da rabi na rana aka kira Sufeto daga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, aka ce an yi sata. Ya ture kwanon abincinsa gefe, ya ɗauki Sajan, suka tafi.

Manajan makarantar ne ya tare su a bakin ƙofa, ya jiƙe sharkaf da gumi.

"Yallaɓai, ba sai ka wahalar da kanka ba, mun san ɓarawon. Ga shi can zaune."

Sufeto ya duba. Wani dattijo ne a kan benci, sandarsa tsakanin ƙafafunsa, kansa a sunkuye. Kyaftin ake ce masa. Shekara talatin ya yi yana tuƙa jirgi kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi. Shi kuwa Sufeto, in akwai abin da ya tsana a aikinsa, to shi ne a zaɓa masa ɓarawo tun bai ga inda aka yi satar ba.

"Me aka sata tukuna?"

Aka kai shi wani ɗaki mai sanyi, ba taga ko ɗaya. A tsakiya ga kujera a kan ƙafafun ƙarfe shida, gabanta sitiyari da maɓallai birjik, sai wani ƙaton tabarau mai rufe fuska a rataye. Wata mata ce tsaye a gefe, idanunta sun yi ja. Ita ce Injiniyar da ta haɗa na'urar.

"Idan ɗalibi ya sa tabaraun nan, sai ya ga kansa cikin jirgi," in ji ta. "Amma da can gani kawai yake yi, jikinsa ba ya jin komai. Sai ka ga yaro ya kifar da jirgi yana dariya. Shi ya sa muka yi akwatin girgiza."

Ta nuna ƙarƙashin kujerar. Ramukan noti huɗu ne, da wayoyi suna reto.

"Bai fi girman burodi ba. Shekara biyu muna kansa ni da Baba Kyaftin. Yakan rufe ido ya ce, 'Ƙara kaɗan, 'yata, ba haka jirgi yake rawa ba in iska ta ƙwace masa.' Duk abin da jikinsa ya tuna yana cikin akwatin nan. Ga shi gobe masu dubawa za su zo su gwada na'urar, su gwada malamanmu a kanta."

Sajan ya duba ƙofa. Ba a ɓalle ta ba. Makulli huɗu ne: na Manaja, na Injiniya, na Kyaftin, da na babban malamin tuƙi wanda ɗalibai ke kira Koci. Manaja da Injiniya tare suke a ofis duk lokacin hutun rana, kuma maigadi ya shaida.

"Dubi bel ɗin nan," in ji Manaja. An gicciya bel ɗin kujerar an ɗaure shi tsaf. "Wanda ya tuƙa jirgin gaske ne kaɗai ke barin kujera haka. Kuma maigadi ya ga tsohon nan a barandar ɗakin da ƙarfe ɗaya da kwata. Ka tafi da shi kawai."

Sufeto ya fita ya zauna kusa da dattijon.

"Baba, me ya kai ka baranda?"

"Na manta maganina ne, ɗana."

"Wa ka gani?"

Kyaftin ya murza kan sandarsa. "Ban ga kowa ba."

Ƙarya ce, kuma Sufeto ya gane. Abin ya ɓata masa rai, don tsohon ya kwanta masa tun ganin farko.

"Abu ɗaya nake roƙonka," in ji Kyaftin. "'Yar cikina tana zuwa ɗaukata ƙarfe biyar. In za ka tafi da ni, ka tafi da ni kafin ta iso. Kujerar nan ita ce kaɗai sararin sama da ya rage mini, in an kore ni na haƙura. Amma kada yarinyar nan ta ga ankwa a hannuna."

Sufeto ya duba agogo. Huɗu saura kwata.

Ya sami Koci a ajinsa, mutum tsaf-tsaf, riga fara a goge, yana jera takardu.

"Ina kake lokacin hutu?"

"A mota, Yallaɓai, ina waya da uwargida."

"Yaushe rabonka da ɗakin na'ura?"

"Na kai sati uku ban zauna a kujerar nan ba. Ayyuka sun yi mini yawa."

Ya faɗa ba gargada, har da murmushi. Sufeto ya rubuta, ya koma wurin Injiniya.

"Yaushe kuka ɗaura akwatin?"

"Sati uku ke nan."

Sufeto ya koma gindin kujerar. Ya durƙusa yana leƙen notukan.

"Hannu zai shiga nan idan kujerar tana sama?"

"Ba zai shiga ba, sai an sauke ta ƙasa gaba ɗaya. Kuma ba ta sauka sai mutum ya zauna, ya sa tabarau, ya kashe jirgin daga ciki yadda ake kashe na gaske. Ni na tsara haka, don kada ɗalibai su saba da tsallake mataki."

"To ɗora ni in gani."

Sajan ya zaro ido. "Yallaɓai, kai da ko tsani ba ka son hawa?"

"Rufe mini baki."

Aka ɗaure shi, aka sa masa tabarau. Nan take ɗakin ya ɓace. Ga titin jirgi shimfiɗe a gabansa, ga rana tana walƙiya a kan gilashi, inji yana ruri a kunnensa. Kafin ya yi wata-wata ƙasa ta yi nisa, gidaje suka koma kamar akwatunan ashana. Da jirgin ya karkata, Sufeto ya ƙanƙame sitiyari.

"Wayyo Allah! Ku sauke ni! Ina da iyali!"

Da aka cire masa tabaraun, Sajan yana riƙe da ciki don dariya. Ita ma Injiniya ta yi dariyarta ta farko a ranar.

"Wannan fa babu girgiza ke nan, Yallaɓai," in ji ta.

Ta danna kwamfuta, sai ga muryar Sufeto tana kururuwa a lasifika. Kunya ta kama shi, amma ba ta daɗe ba. Ya miƙe zumbur.

"Tsaya. Abin nan yana naɗar murya?"

"Eh mana, don malami ya saurari ɗalibi daga baya. Da zarar tabarau ya zauna a fuska yake farawa."

"Ko da jirgin bai tashi ba?"

Injiniya ta juya ga kwamfuta. Ita jerin tafiye-tafiye kawai ta duba ɗazu, ta ga ba wanda ya tashi da rana, ta rufe. Nan da nan ta buɗe wurin muryoyi. Akwai murya ta ƙarfe ɗaya da minti biyar.

Sufeto ya sa aka tara su duka huɗun. Aka kunna.

Da farko numfashi ne kawai, sama-sama, kamar na wanda ya yi gudu. Sai murya ƙasa-ƙasa: "Birki, an ja. Fitilu, an kashe. Mai, an rufe. Inji, an kashe."

Haka ake horar da matuƙa, ba sa taɓa maɓalli sai sun faɗa da baki, har abin ya bi jikinsu. Ko sata mutum ya zo yi shi kaɗai a ɗaki, bakin ba zai yi shiru ba. Kuma ba wanda bai gane muryar Koci ba.

Koci ya nemi kujera ya zauna. Murmushin nan ya tafi.

"Yana cikin but ɗin motata, ƙarƙashin tayar safaya. Ko ƙwarzane bai yi ba."

"Me ya sa?" in ji Sufeto.

"Shekara shida da suka wuce jirgi ya ƙwace mini, saura ƙiris mu faɗi da ɗalibina. Na ɗauka na manta. Ranar da aka ɗaura akwatin nan na zauna, kujerar ta yi irin rawar da jirgin ya yi, sak. Hannuna ya mutu a kan sitiyari, na kasa komai. Gobe a gaban baƙi za a ɗora ni. Na ce in ɓoye shi kwana biyu, a gwada mu babu shi." Ya share fuska. "Da na ji ana cewa Baba ne, wallahi na so in yi magana. Tsoro ya hana ni."

Sufeto ya juya ga dattijon. "Shi ka gani a baranda."

"Shi na gani. Ni na koya masa tashi tun yana saurayi. Yaya zan nuna shi da bakina?"

Koci ya zame daga kujera ya durƙusa a gabansa yana kuka.

"Tashi, tashi," in ji Kyaftin. "Kai wawa ne. Da ka zo ka gaya mini. Kana tsammanin a littafi na karanto rawar nan? Ni ma ta same ni, wata uku ban iya shiga jirgi ba. Don kada ta zo wa yaran nan a karon farko suna sama muka saka ta a kujera."

Sajan ya dawo da akwatin a naɗe cikin tawul. Injiniya ta rungume shi tana ta godiya, ga Allah, ga Sufeto, har ga Sajan da ya yi ɗauko kawai. Manaja ya tsaya yana kame-kame, sai da Sufeto ya harare shi sannan ya cire hula ya ba dattijon haƙuri.

Kyaftin ya kama hannun Sufeto ya riƙe ƙam.

"Ɗana, ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka. Saura alfarma ɗaya. Ɗalibansa suna waje, kada a sa masa ƙarfe a gabansu."

Sufeto ya yi wa Sajan ido, Sajan ya mai da ankwa aljihu. A ransa shi ma Sufeto godiya yake yi, don ya san saura kaɗan ya ɗauki alhakin tsohon nan.

Suka fito, Koci a tsakiya, dattijon yana dogara sanda a gefensa har bakin mota. Kafin a rufe ƙofa dattijon ya sunkuya.

"Ka je ka amsa laifinka. Ranar da ka fito ka neme ni, zan zauna kusa da kai har hannun nan ya daina rawa."

"Na gode, Baba," in ji Koci.

Sajan ya tada mota.