Faifan Sule

Ana shirin kiran magariba Muttaka ya fara jan ƙofar shagonsa na gyaran kwamfuta a Ƙofar Guga. A aji biyar ya ajiye boko, amma kullum cewa yake masu digiri duk yaransa ne.

Bara wani ofis suka kira shi, ɓarayin intanet sun kwashe musu takardun sirri. Ƙa'idar aikin ita ce a fara ɗaukar kwafin faifan kwamfutar ɗungurungum, har abin da aka goge, don a nan sawun ɓarawo yake. Gogan naku ya ga ɓata lokaci ne. Ya shafe faifan, ya zuba sabon kwafin manhaja a kai, ya fito yana cika baki. Sawu ya ɓace. Laifi ya faɗa kan Sule, akawun da ke aiki da kwamfutar. Aka kore shi, hawan jini ya ƙarasa shi.

"Salamu alaikum."

Wani dattijo ne, hula ta rufe goshi. Ƙamshin kafur ya cika shagon.

"Malam Muttaka, kwafi za ka ɗaukar mini," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Wannan karon kar ka tsallake komi."

Ya miƙo faifai mai sanyi ƙalau. Muttaka ya gane shi, faifan Sule ne. Ga rubutun hannunsa a jiki.

Ya jona wa faifan waya. Bai ma sa faifan da zai karɓi kwafin ba, sai ga lamba ta fara hawa a allo. Goma cikin ɗari. Talatin.

"Baba, ina yake zuba?"

"Kai ka fi ni sani. Sabo a kan tsoho."

Faifan na ƙas-ƙas. Kan Muttaka ya ɗau zafi. Ya ga takardar kora a hannunsa. Ya ji kukan Indo, matar Sule, wadda bai taɓa gani ba. Ya lalubi sunan mahaifiyarsa a kansa, babu.

Tamanin.

Ya fizge wayar, ya faɗo waje.

Masu zuwa masallaci suka ɗaga shi. Shago ba kowa.

Yanzu Muttaka ko kunna kwamfuta bai iya ba. In 'yarsa ta kira shi Baba, sai ya bi ta da ido kamar baƙuwa. Amma kullum da magariba ƙafarsa na kai shi gidan Sule a unguwar Kambarawa, ya tsaya a zaure.

"Indo," ya kan ce, da muryar Sule da ta sani, "wallahi ba ni ba ne."

Ita kuma daga bayan labule: "Na sani, Malam. Mi zai amfane mu yanzu?"