Landirobar Hajiya Ramla

Da hantsin Asabar Hajiya Ramla ta shigo komisariyar 'yan sanda ta Dakoro, direbanta Ɗangoggo na biye da ita. Insifekta Zakiru bai gama shayinsa ba, ita kuma ba ta jira ya gama ba.

Tsohuwar Landirobar da mijinta ya mutu ya bar mata ce ta kusa kifewa da mutum tara a hanyar Roumbou. Kardan ne ya tsinke, dogon ƙarfen da ke kai juyin inji ga ƙafafun baya. Da aka leƙa ƙasa, sai aka ga fon, ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun, ba nata ba ne. Wani rubabbe aka ɗaura.

"Kwana huɗu da hitowatta daga garajin Amani," in ji Ɗangoggo. "Shi ya musanya shi, ranka shi daɗe."

Kafin azahar an kawo Amani. Tsoho ne, shekara talatin yana kwance ƙarƙashin motocin garin, ga shi yau ana kiransa ɓarawo. Tsoro ya kama shi ƙwarai, har hularsa yake murzawa.

"Wane aiki ka yi wa motar?" in ji Insifekta.

"Lam biyu na ƙara, ƙaruhhan nan masu lanƙwasa da mota ke zaune bisansu, don ta ɗau kaya. In mota ta tashi sama, bakin fon ba ya kallon bakin giya daidai. Sai na auna, na sa maƙeri ya yi mani ƙarfe biyu masu tsini, na cusa tsakanin lam da fon."

"Da mi ka auna?"

Amani ya zaro zare mai noti a ƙarshe, da raporta ta auna kusurwa irin ta 'yan makaranta, duk ta sha baƙin mai. Insifekta ya danne dariya. Ya ce su je wajen motar.

An jawo ta ƙofar gidan Hajiya. Amani ya kwanta, ya kafa raporta a bakin giya, ya saki zaren.

"Digiri ukku nan. Na baya ma ukku na bar shi."

Ya matsa baya ya sake aunawa.

"Tara. Ƙaruhhana ba su nan. Wanda ya ɗaura wanga fon bai san amfaninsu ba. A haka dole mota ta riƙa kakkarwa har kardan ya tsinke."

Insifekta ya ɓata wandonsa ya shiga ƙasan shi ma. Kowane noti yana da ɗigon fenti ruwan ɗorawa, al'adar Amani ce in ya gama ɗaure abu. A kan notocin fon, fentin ya tsage, kuma ga sabon cizon sifana.

Ya fito ya dubi direban.

"Tun da ta baro garaji, ina ka kai ta?"

"Ko'ina. Nan take tsaye sai jiya."

"Ba ka ji tana kakkarwa ba?"

"Tsohuwa ce, kullum haka take."

Hajiya ta ɗan juyo. "A'a, Laraba ka kai ta wanki. Tun hantsi sai la'asar ka dawo."

Ɗangoggo ya ce ya mance. Insifekta ya zagaya gefen direba. Ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar direba, ya jijjiga jiki. Kujerar ba ta motsa ba.

"Mota tsohuwa, kujera kamar sabuwa."

"Wannan?" in ji Hajiya. "Tun Alhaji na da rai take rawa. Ƙahwarta guda ta lanƙwashe."

Insifekta ya sa hannu ƙarƙashi ya ja. Ƙarfe biyu masu tsini suka fito, kowanne da shatin lam a bayansa da ɗigon fenti ruwan ɗorawa. Kujerar ta karkace nan take.

"Baba Amani, naka ne?"

"Nawa ne," in ji tsohon.

Ɗangoggo ya ce a hanya ya tsince su. Insifekta ya tambaye shi wace hanya, tunda ya ce motar ba ta je ko'ina ba sai jiya. Sai Ɗangoggo ya zauna a ƙasa, ya faɗi gaskiya.

Abarci, mai saida ƙarafan mota a bakin kasuwa, shi ya daɗe yana zuga shi, don fon na asali ya yi wuya yanzu. Ranar Laraba suka musanya a bayan rumfarsa. Da suka gama ɗaurewa, ƙarafa biyu suka yi saura, sai ya tokare kujerarsa da su.

"Na ɗauka tarkacen tsoho ne," in ji Ɗangoggo. "Ban so kowa shi ji ciwo ba."

"Mutum tara ka ɗauko, kuma kana jin tana kakkarwa," in ji Insifekta.

Aka sa masa ankwa. 'Yan sanda biyu suka wuce da shi, wasu biyu suka nufi rumfar Abarci, inda suka tarar da fon ɗin lulluɓe da buhu.

Hajiya Ramla ta ja mayafi, kunya ta rufe ta.

"Baba, ka yi mani gahwara."

Amani ya sauke dogon numfashi, ya mai da hularsa kai. Ransa ya yi sanyi, amma bai iya doguwar magana ba. Ya miƙa wa Insifekta hannu.

"Ba ni ƙaruhhana, ɗana. In an kawo fon, sai na sake aunawa."