Gammo a Gindin Kaɗanya

Da hantsi makiyaya suka tsinci gawar Ma'u a gindin wata kaɗanya, bakin gonar Andrawus, inda dajin Kamuku ya fara. Yarinya 'yar shekara biyar, ƙafa ta kumbura suntum. Ga ƙwarya a kife, 'ya'yan kaɗanya sun watse, ga ɗan gammon ganye maƙale a gashinta.

Saje Salmanu ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Saran kububuwa ne, wannan ba musu. To amma maciji ba ya ɗora wa yaro kaya. Ya zare gammon ya sa a aljihu.

Kafin ya koma Birnin Gwari, gari ya riga ya yanke hukunci. Dabo tela, uban yarinyar, ya jawo Andrawus ofishin 'yan sanda da wuyan riga, jama'a na biye da sanduna.

"Gonarsa ce! Shi ya yaudare ta ta yi masa tsinto!"

Saje ya tura Andrawus ciki ya kulle. Ya san ƙofar nan ta katako ba za ta daɗe tana tare mutanen da ransu ya ɓaci ba.

"Ina kake da safe?"

"Shukar dawa a ɗaya gonar, ni da matata."

Saje ya ajiye gammon a gabansa. "Naka ne?"

Andrawus ya dube shi kamar wanda aka zaga. "Haba Saje! Mu Gbagyi, da kuke ce wa Gwari, a kafaɗa muke ɗauka. Kai ba wurin kaya ba ne. Ko 'yar maƙiyina ba zan ɗora wa a ka ba."

Gaskiya ya faɗa. Duk yawon Saje a ƙauyukan nan, bai taɓa ganin gammo a gidan Bagwari ba. Ya fito ya ja Dabo gefe.

"Ina ka aike ta?"

"Wane aike? Makaranta ta tafi! Ta rainon yara, ta Malam Idrisu. Tsarin Koyo-da-Hannu, irin na Turai. Ya ce 'ya'yan Turawa ba sa zaman hadda, da hannu suke koyo, shi ya sa suka ƙera jirgi."

Allon ƙofar makarantar ya ce akwai ƙwararriyar malama, Helen. A gidan uwarta Saje ya same ta, maƙwabta suka shaida tun safe ba ta leƙa waje ba.

"Tuni na bar masa," in ji ta. "Tsarin na gaske ne, a kwaleji aka koya mana: tsakuwa don ƙirge, yumɓu don haruffa. Shi sunan kawai ya rubuta a allo. Ko alli bai taɓa saya ba."

Malam Idrisu ya tarbi Saje sanye da kwat, yana marairaice fuska.

"Ma'u ba ta zo ba yau. Allah Ya ji ƙanta."

"Me kuke koyarwa?"

"Ai tsari ne mai zurfi, ranka ya daɗe. Sai wanda ya karanta."

Saje bai ja da shi ba. Ya juya wurin yaran da ke rakuɓe a inuwa, ya tafa hannu.

"Yara, lokacin darasi ya yi!"

Ba wanda ya nemi littafi. Suka ruga bayan ɗaki, kowa ya fito da ƙwarya da gammonsa a ka, suka yi layi suna fuskantar daji. Naɗin iri ɗaya ne da na aljihun Saje. A tsakiyar layin sun bar gurbi.

"Wurin wa ne wannan?"

"Na Ma'u," in ji wata ƙarama. "Malam ya ce ta gaji, tana barci a gindin itace."

Saje ya zagaya bayan makarantar. Ya shura ƙofar ɗakin baya, sai ga buhunan kaɗanya jibge suna jiran motar Kaduna.

"Wannan ne tsarin Turan naka," in ji Saje, yana sa wa Malam Idrisu ankwa. "Hannun babba ne ya naɗa gammon nan, kuma ba na Bagwari ba. Maciji ya sare ta a gabanka. Ga asibiti nan kusa, amma in ka kai ta za a tambayi abin da 'yar makaranta take yi a dawa. Sai ka bar ta da ranta a bakin gonar mutumin da ka san gari zai ɗora wa. Allah wadai!"

Aka buɗe wa Andrawus ƙofa. Masu sanduna suka sulale ɗaya bayan ɗaya, aka bar Dabo. Ya durƙusa a gaban mutumin da ya shaƙe ɗazu.

"Ka yafe mini."

"Allah Ya yafe mana duka. Tashi, kai ne mai rashi."

Dabo bai tashi ba. Ya ɗaga kai ya dubi Saje.

"Kullum ta dawo sai ta ce, 'Baba, wuya.' Ni kuwa in ce mata karatu dama da wuya, ta yi haƙuri." Ya kai hannu ya dafa ƙeyarsa. "Ashe wuyanta take gaya mini."