Farar Alamar da Aka Ɓare

Magariba ta kawo jiki, matar mai gilashi tana kwashe shanya, sai ta ji ana jifan kwanon ɗaki. Ta leƙa ba ta ga dutse ba. Ɓaraguzan gilashi ne ƙanana kamar gishiri suke zubowa, babu iska, babu hadari.

Aikin mijinta liƙa bangon gilashi a dogayen benaye. A haɗe ake kawo shi daga masana'anta, inji ya ɗaga, su ɗaure. Kowane falle yana zuwa da farar alama a gicciye, don kada mutum ya zaci fili ne. In an gama gini, shi ake turawa ya ɓare ta.

Ba a jima ba autarsu ta daina magana. Da zarar rana ta faɗi sai ta miƙe ta yi ta kara goshinta da bango har ya kumbura. Uwar ta yi kuka ta gaji. Uban kuwa baƙin ciki ya hana shi ko loma.

Malam mai ruƙiya ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe baki da muryar tsohuwa. Ta ce can sama hanyarsu ce tun ba a san bene ba. Sun haƙura da ginin, da alamar suke gane bango su kauce. Ranar da aka ɓare ta, jikanta ya taho a guje, ya ga sararin sama a jikin gilashin.

"Gawarsa na tsinta."

Malam ya ce ai wannan bawan Allah sa shi aka yi, me ya hana ta zuwa wurin mai ginin?

"Na je. Gidansa ma gilashi ne, ko kafar allura babu. Nan kuwa ta ko'ina a buɗe yake."

Haushin kaza dai, huce kan dami.

Ta nemi a mayar da alamar. Uban ya ce ko tsintsiya ba shi da ikon jinginawa a ginin nan. Aka yi ta ja-in-ja har ta sassauta: hannun da ya ɓare kada ya sake taɓa gilashi. Sana'ar da ya iya ke nan duk duniya. Ya dubi goshin 'yarsa, ya rantse. Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Washegari uban ya mayar wa kamfanin da hular kwano da igiyar tsaro, babu wanda ya tambaye shi dalili. Kafin azahar sun ba ƙaninsa aikin, wanda matarsa ta haihu ko suna ba a yi ba. Ya bi shi har gida yana roƙonsa ya bari.

Ƙanin ya ce, "Yaya, ban san hassadarka ta kai haka ba."